Fatalwar da Ba Ta Zo Ba

Shagon ɗinkina yana jikin katangar gidanmu ne a unguwar Yelwa da ke Mubi, ƙofarsa na kallon wata darbejiya da Babanmu ya dasa tun kafin a haife ni. A ƙarƙashinta yayana yake ajiye napep ɗinsa idan rana ta take, fasinja suka yi ƙaranci. Sauran direbobi kan taru a bakin kasuwa su yi ta musun ƙwallo. Shi kuwa sai ya koma kujerar baya, ya miƙe ƙafa, ya ciro waya ya kunna fim ɗin ban tsoro. Abin sawa a kunnensa ya lalace tun tuni, bai kuma ga dalilin sayen wani ba, don haka ni ce mai shan ihun. Mace ta kurma ihu, ƙofa ta yi ƙara, wani abu ya yi gurnani, ni kuma ina nan ina fama da wuyan rigar mutane. Har yau haka yake yi. Abin da ya canza kawai shi ne na daina leƙowa ina yi masa masifa.

A da kam na yi masifa har na gode Allah. Ni fim ɗin ban tsoro ba tsoro yake ba ni ba, haushi yake ba ni. Mutum ya ji motsi a ɗakin da ya san babu kowa, maimakon ya nemi ƙofa, sai ya ɗauki kyandir wai zai je ya duba. Mu mutanen Mubi mun san abin da ake yi idan an ji ƙarar da ba a gane ba, kuma ba dubawa ba ne. Nakan gaya wa Yaya cewa duk wanda aka cinye a fim ɗinsa shi ya ja wa kansa. Sai ya ce to, ya ƙara murya.

Ni nawa fim ɗin shi ne na sararin samaniya, irin wanda mutane ke shiga jirgi su bar duniya gaba ɗaya, ko su ƙera na'urar da za ta mai da su shekarun baya. Ina son su ne saboda babu abin da ya yi kama da garinmu a ciki. Babu babur, babu gonar dawa, babu dutsen da za a hau da kaya a ka. Yaya yana kiransu ƙarya mai tsada. Matarsa kuma, 'yar duwatsun Michika, wadda saboda ita Hausa ta zama yaren tsakar gidanmu tunda ba ta jin yarenmu na Gude, cewa take ba ta ga abin kallo ba a wurin mutanen da suka kifa tukunya a ka suna yawo a iska, ba mai girki, ba mai gaida wani. Ita barkwanci take so. A ganinta duniya ta riga ta ba mu tsoro ya ishe mu, wanda ya gaji kuwa dariya ce maganinsa. Ni kuma na raina nata fim ɗin, don ban ga abin dariya ba a ƙato ya ɗaura zanen matarsa ya faɗa kwata. Muka yi shekaru muna wannan musun, kowa na ganin na ɗan'uwansa shirme ne, kuma duk mun san ba a kan fim kawai muke yi ba.

Yaya ba ya kallon irin waɗannan abubuwa kafin gudu. Haka muke kiransa a nan, gudu, ba sai an ƙara bayani ba. Ranar da mutanen nan masu bindiga suka shigo gari damina ta zo ƙarshe, dawa ta fara nuna. Ni da Mama da matar Yaya, da jaririyarta a baya, muka bi maƙwabta a ƙafa ta hanyar Kwaja har muka tsallaka Kamaru. Baba ba zai iya tafiya ba. Ƙafarsa ɗaya ta shanye tun kafin lokacin, kuma shi mutum ne mai jiki, irin wanda kujera ke kuka idan ya zauna. Yaya ya ce mu yi gaba, zai taho da shi a babur ɗin da yake da shi a lokacin. Bayan wasu kwanaki ya same mu a wata makaranta da aka zuba mu, shi kaɗai, ƙafafunsa duk sun kumbura. Ya durƙusa gaban Mama ya ce Baba ya rasu a hanya, ya binne shi. Daga wannan bai ƙara ko kalma ɗaya ba, a ranar ko bayanta.

Da muka dawo gari, aka share gidaje, aka sake buɗe kasuwa, sai mutanen Mubi suka mai da gudu abin dariya. Baƙo ya ji mu zai ce ba mu da hankali. A gidan biki, a gidan makoki, a shagona ma, sai a yi ta ba da labarin matar da ta hau dutse da tukunyar miya a ka ta bar takardun gidanta, da mai tumbin da ya tsere wa 'ya'yansa samari, da malamin da ya tsaya kulle ƙofa alhali tagarsa a buɗe. A yi ta dariya har da hawaye. Ni ma na yi, na kuma ba da nawa. Da ba mu yi haka ba ban san yadda za mu iya zama a garin ba. Yaya ne kaɗai idan aka fara sai ya tuna yana da fasinja.

Mama kuwa abu ɗaya take so, a kai ta kabarin mijinta. Kowace shekara idan an gama girbi sai ta tayar da maganar, shi kuma kowace shekara da uzurinsa. Hanya ba kyau. Wurin bai gama lafawa ba. Injin napep yana ba shi matsala. Ana haka gwiwoyinta suka fara cin ta, har zuwa coci ya zama sai an kai ta. Wata ranar Alhamis ta aika aka kira ni daga shago, ta kira matar Yaya daga madafa, ta ce mu zauna. Ta ce bana ce ta ƙarshe da ƙafarta za ta iya hawa dutse, ta sani a jikinta. Idan ta mutu bai nuna mata wurin ba, kada mu bar shi ya zuba ƙasa a kabarinta. Ta faɗi haka da Hausa don surukarta ta ji da kyau, ta koma tsinke yakuwarta. Na san Mama ba ta faɗin abin da ba ta nufa, kuma shi ne ɗanta na fari.

Matar Yaya ta kai kukanta wurin matan zumunta na cocinmu, su kuma ba su ɓata lokaci ba wajen gano cutar. Wayar ce. Mutumin da kullum yake zaune da gawa da fatalwa a tafin hannunsa, dole zuciyarsa ta bushe, dole ya ji tsoron kabari. A raba shi da su, a sa shi ya yi dariya ko sau ɗaya, za a ga ya saki jiki. Da ta zo mini da shawarar na ce ni ban yarda barkwanci na warkar da kowa ba, amma in dai zan huta da ihun nan a ƙofar shago, Allah ya ba da sa'a.

A nan ba ma zaɓen fim da sunansa. Akwai masu tura fim a bakin kasuwa, kowanne da kwamfutarsa a cikin ɗan akurkin shago. Ka miƙa katin wayarka, ka faɗi irin wanda kake so, na faɗa ko na soyayya ko na dariya, shi kuma ya cika maka da abin da ya ga ana yayi. Sai ka je gida za ka san abin da ka samu. Ranar Asabar, Yaya yana wanka, ta zare katin daga wayarsa ta kai wa mutumin da ya saba zuwa wurinsa. Ta ce da ya ga katin ya gane mai shi, har ya tambaye ta ko lafiya. Ta ce ya goge komai ya zuba na dariya zalla. Ya ce ai kuwa ta zo a daidai, akwai wani sabo da samarin gari suka yi da kansu, duk Mubi shi ake kallo. Ba ta tambayi na mene ne ba, don ba a saba tambaya ba.

Washegari Lahadi, bayan an taso coci an ci abinci, sai ga wuta an kawo. Matar Yaya ta ce yau kam kowa ya zo falo, ta haɗa katin da talabijin. Yaya ya laluba wayarsa, ya dube ta, fuskarsa ta haɗe. Da ba don Mama na zaune ba na san da ya fita. Ya zauna a hannun kujera kusa da ƙofa, kamar baƙon da ya zo gaisuwa yana jiran a sallame shi.

Fim ɗin farko irin wanda na sani ne, mai bin mata ya ɓuya a cikin buhu, aka zauna a kansa. Yaran gidan suka yi ta kyakyatawa. Sai na samarin garin ya shigo. Da waya aka ɗauke shi, a bayan wani dutse da na tabbata na taɓa wucewa ta gabansa, kuma da Hausarmu ta Mubi suke magana, abin da ya ƙara masa daɗi ke nan. Wani saurayi ya shafa garin masara a kai ya zama tsoho, ya cusa matashi a cikin riga ya yi tumbi, ya haye bayan ɗansa ana gudu. Tsohon na dukan ɗan da hula, yana ba shi umarni kamar wanda ya hau acaɓa. Kauce wa rami. Rage gudu. Tsaya in yi fitsari. Ɗan na haki, ƙafafunsa na rawa. Da suka kai wata bishiya ya sauke shi ya ce, Baba, zauna nan in nemo ruwa. Yana juyawa ya ga akuya, ya saɓa ta a kafaɗa ya ranta a na kare. Sai aka ji ƙarar bindiga. Tsohon nan da aka ce ba ya iya tafiya ya miƙe zumbur, ya tattare riga, ya zuba da gudu har ya wuce ɗan da akuyarsa, yana waiwaye yana yi masa gwalo.

Gaskiya sun iya. Ni da nake raina barkwanci sai da na riƙe ciki. Can sai na ji wata dariya da na manta irinta, ta Yaya. Matarsa ta mintsine ni a cinya, idonta ya kawo ruwa don murna, ta raɗa mini cewa matan zumunta sun yi gaskiya. Amma fim ɗin ya ƙare, wani ya shigo, shi bai daina ba. Dariyar ta yi ta hawa, ba numfashi a cikinta, har yaran suka yi shiru suna kallonsa. A nan na lura Mama, wadda ko kaza ce ta zame sai ta yi dariya, ba talabijin take kallo ba, shi take kallo. Ya miƙe, ya dafa bango, ya fita ta ƙofar baya.

Na same shi a bayan garken awaki, a tsugune, ya amayar da duk abin da ya ci. Na ɗebo ruwa a buta na miƙa masa. Ya kuskure baki, ya wanke fuska.

"Ban binne shi ba," ya ce.

Na zauna a kan wani bulo. Ya ba ni labarin da murya ɗaya, ba hawa ba sauka. Man babur ya ƙare musu bayan sun tsallake mayo, wato rafi, da kaɗan. Ya goya Baba. Ya yi ta tafiya yana faɗuwa yana tashi, mutane na wuce su, kowa da nasa kayan, ana jin harbi a baya yana matsowa. Da suka fara hawan dutsen Kwaja sai bayansa ya ƙi. Baba ya ce ya sauke shi, ya ƙi. Baba ya kama kunnensa ya murɗe, kamar yadda yake yi masa yana yaro, ya ce yana da mata da jaririya a gaba, shi kuma ya ci zamaninsa. Ya zaunar da shi a gindin wata ɗorawa, ya bar masa galan ɗin ruwa da sandarsa, ya ce zai je ya samo mutane su dawo su ɗauke shi. Ya roƙi duk wanda ya gani. Babu wanda ya yarda ya juya, shi ma daga baya bai juya ba. Da gari ya lafa ya koma wurin shi kaɗai, ya tarar an ƙone ciyawa, babu galan, babu sanda, babu komai. Manoman wurin suka ce sun binne mutane da yawa a gefen gonaki ba tare da sanin sunansu ba, ba za su iya cewa ga wanda yake nema ba.

Sai bakina ya kama abin da ya saba. Na ce to shi ne kuma yake ƙara wa kansa azaba da kallon gawawwaki kullum? Ya girgiza kai. Ya ce waɗannan fina-finan su kaɗai ne ba sa yi masa ƙarya. A cikinsu idan abu ya taso mutane gudu suke yi, ɗan'uwa ya saki hannun ɗan'uwa, kuma ba a sa kiɗan dariya a kai. Ya ce nawa fina-finan na komawa shekarun baya kuwa, ya koma ya yi me? Nauyin Baba yana nan yadda yake, dutsen ma yana nan.

"Kuma a na tsoron nan, wanda aka bari ba a binne ba yana dawowa," ya ce. "Ya dami gida, ya fasa kwano, ya yi ta buga ƙofa har a bi shi ya nuna inda yake. Ni kam ina kallo ne in ga yadda suke zuwa. Baba ko a mafarki bai taɓa zuwa mini ba."

Na yi shekaru ina jin ihun nan daga shagona, ina ce masa marar aikin yi, ban taɓa kawo wannan a raina ba. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, don ya bar mu muna yi wa kabarin da babu shi addu'a. Na gaya masa abin da Mama ta ce game da zuba ƙasa. Bai yi mamaki ba. Ya ce akwai tarin duwatsu a gefen wata gona kusa da wurin, kabarin wani ne da ba a san shi ba, ya sha tunanin ya kai ta can ya nuna mata a huta. Na ce idan ya yi haka ni ba zan tona shi ba, amma kada ya sake ajiye napep ɗinsa a ƙofar shagona. Ya miƙe ya kakkaɓe wandonsa, ya shiga ya gaya wa Mama ta shirya ranar Asabar. Bai gaya mini wanne zai nuna mata ba.

Satin nan ban yi ɗinkin kirki ba. Na haɗa wa wata mata hannun riga a juye, ta wanke ni tas. Matar Yaya ta ga dai dariyar ba ta alheri ba ce, amma tunda ga shi an sa ranar tafiya, sai ta rasa ko murna za ta yi ko kuka. Ta tambaye ni me ya ce a bayan garke, na ce ta jira Asabar. Mama ta sa kafinta ya yi mata ɗan gicciye na katako. Na ce ko a gaya wa fasto ya biyo mu, ta ce a'a, wannan zuwan namu ne.

Muka fita da safe mu huɗu. Yaya ya ja mu a napep har inda hanya ta ƙare masa, muka hau babura, su ma suka kai inda za su iya suka tsaya jiranmu. Sauran a ƙafa. An gama girbi, karan dawa a tsaye a gonaki, hanyar duk tsakuwa. Mama na dogara sanda, ni na riƙe mata gicciyen, muna tafiya muna hutawa. Ban gane wurin ba sam, ko da yake ta nan muka bi. Ranar gudu ƙafar wanda ke gabana kawai nake kallo.

Sai ga tarin duwatsun a gefen gona, an kewaye shi da ƙaya, mai gonar ya bar wurin bai nome ba. Yaya ya tsaya. Mama ta tsaya a bayansa tana haki, ta dubi duwatsun, ta dube shi. Yaya ya daɗe a tsaye. Daga nan ya ce mu ƙara gaba kaɗan.

Ɗorawar ba wata babba ba ce. Saiwoyinta sun fito waje, akwai wani lungu a tsakaninsu daidai zaman mutum. Ya tsaya a gabanta, ya cire hula, ya faɗa wa Mama abin da ya faɗa mini, bai rage komai ba. Matarsa ta toshe baki da gefen zane. Mama ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta miƙa mini sandarta, ta dafa kafaɗata ta sauka a hankali ta zauna a lungun nan.

"Ni kam na sani tun ranar da ka iso," ta ce, da Hausa. "Ba fartanya, ba galma, kai ɗaya, ana harbi. Da me za ka tona? Ina jira ne bakinka ya faɗa. Matarka ma ta ji yanzu, shi ke nan."

Yaya ya durƙusa, kansa a ƙasa. Ta bar shi ya yi kukansa, ba ta lallashe shi ba, ba ta kuma tsawata masa ba. Da ya lafa ta tambaye shi ina Baba yake kallo lokacin da ya bar shi. Ya ce da farko ya zaunar da shi yana kallon sama, wajen da muka bi, amma Baba ya ce ya juya shi ya fuskanci hanyar gari, yana so ya ga mai zuwa. Mama ta gyara zama ta fuskanci inda ya nuna. Daga nan ana hango Mubi can ƙasa, rufin kwano na ƙyalli a rana.

"Halinsa ke nan," ta ce. "Ba ya so a zo masa ta baya."

Matar Yaya ta fara ba da haƙuri a kan katin, tana cewa ba ta san abin da aka zuba ba, da ta sani da ba ta kunna ba. Mama ta ce ta yi shiru, yaran da suka yi fim ɗin ma wa ya san wanda suka bari a hanya. Ta karɓi gicciyen ta ba Yaya, ya nemi dutse ya kafa shi a tsakanin saiwoyin. Ta yi addu'a gajeriya da Gude. Ba mu san inda Baba yake kwance ba, har yau ba mu sani ba, kuma wannan bai daina ci mini rai ba.

Da aka zo tafiya Mama ta yunƙura, gwiwa ta ƙi. Muka kama ta ni da matar Yaya muka tsayar, ta taka sau ɗaya ta koma ƙasa. Hawan ya cinye ƙafar gaba ɗaya, ga babura can nesa a gindin dutse. Na ce bari in sauka in kira masu baburan su zo mu haɗu mu ɗauke ta. Ta ce babu inda zan je. Ta dubi Yaya.

"Ɗana, zo ka goya ni."

Ya dube ni kamar zan cece shi, ni kuma na kau da kai. Ya juya mata baya ya tsuguna, muka ɗora ta, ta saƙalo wuyansa. Mama ba ta da jiki, amma sai da ya yi yunƙuri biyu kafin ya miƙe.

"Idan ka gaji, ka ajiye ni," ta ce a kunnensa, amma duk mun ji. "Ba laifi ba ne."

Muka kama gangara, shi a gaba, mu a baya da sandarta. Duk wanda ya hango mu daga nesa, abin da muka kalla a talabijin ranar Lahadi zai gani. Ai kuwa wani manomi da ke tara kara a gonarsa ya ɗago ya gan mu, ya fashe da dariya, ya ɗaga murya yana tambaya ko an sake gudu ne ba a gaya masa ba. Ba da mugunta ya faɗa ba, gaisuwar wurin ke nan. Mama ta ɗaga masa hannu ta ce a'a, gida za mu.

Gumi ya jiƙa rigar Yaya har ƙugu. Tsakuwa ta zame masa sau da yawa, ya dafa dutse ya daidaita. A wani wuri mai inuwa matarsa ta ce ya tsaya ya huta, ni ma na sa baki, Mama ma ta ce ya sauke ta ta sha ruwa. Ya gyara ta a bayansa ya ci gaba, bai sauke ta ba sai a kan babur.